Jinin Wata Shida

Unguwar Dosa, Kaduna
18 ga Satumba, 2021

Zuwa ga jikana kuma angona, Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Ibadan, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai katangar bayan gida da ruwa ya ci. Maigidana Malam yana gaishe ka, jikin nasa dai sai a hankali. Na gamu da kakarka Kaltume a kasuwar Kawo tana cika baki wai jikanta zai zama dakta. Na ce mata ni da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka daktan namu ne mu biyu, ta rage ɗaga kai.

Ka daina kirana a waya. Kunnena ba ya jin komai a cikinta sai shuuu, kai kana can kana ihu, ni ina nan ina cewa na'am. Tunda motar da ke kai muku akwatin jinin tana zuwa kowane wata, ka rubuto a ba direba.

Aikin da ka ɗora mini na sauke. Ka ce kana son matan da suka yi allurar rigakafin korona su yarda a riƙa ɗibar jininsu sau huɗu a shekara. Na samo maka arba'in da bakwai, ni ce cikon ta arba'in da takwas. Shekara talatin ina dillanci gida-gida, daga nan har Abakpa da Mando babu zauren da ban sani ba, amma wallahi ban taɓa shan wuyar talla irin wannan ba. Wata ta ce sayar da jinin za ku yi. Wata ta ce maigidanta ya hana. Sai da na tara su a asibitin unguwa na naɗe hannun rigata aka fara tsira mini allurar suna kallo, sannan suka bi layi.

Mu da aka yi wa rigakafin 'yar Indiya tun farko mun ba da jinin wata uku ranar Talata. Masu 'yar Amurka da masu sau-ɗaya nasu yana gaba. Kowa da katinta mai lamba, na ce su adana shi kamar katin zaɓe.

Yanzu kai kuma ka faɗa mini, ja'iri, me kake nema a jinin tsofaffi? Suna tambayata ina kame-kame, ni kuwa ba na son a tambaye ni kayan da ban san asalinsa ba.

Kakarka kuma amaryarka,
Harira


Ibadan
9 ga Oktoba, 2021

Kaka Harira,

Amin, wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai kewar tuwo. Allah Ya ƙara wa Malam sauƙi.

Kaka, kin gama mini komai. Da na kai wa Farfesa, wato matar da ke duba aikina, sunayen mata arba'in da takwas, sai ta cire tabarau ta tambaye ni ma'aikata nawa na ɗauka. Na ce tsohuwa ɗaya ce mai ciwon gwiwa. Abokan karatuna da takardun izini da motoci ba su haɗa rabin haka ba.

Ga abin da nake nema. In an yi wa mutum rigakafi, jikinsa yakan ƙera sojoji a cikin jini masu gane ƙwayar cutar. Da farko suna da yawa, sannan su riƙa raguwa. Ina so in san yadda suke raguwa a jikin mutanenmu, kuma ko raguwar ta bambanta tsakanin allura da allura. Shi ya sa ake ɗiba a wata ɗaya, wata uku, wata shida, da shekara. Kowace mace ina zana mata layi a takarda. Zuwa yanzu masu 'yar Amurka sun fara daga sama sosai, ku masu 'yar Indiya kun fara daga ƙasa da su, layinku kuma ya fara sauka a hankali. Ba abin tsoro ba ne, jiki yana da wata garkuwar da ba na aunawa.

Abin da nake roƙo shi ne na wata shida. A kansa digirina ya rataya. In mata suka yi fashin wannan, layukan sun yanke, shekara ukun da na yi a nan sun tafi a banza. Don Allah kada lamba ko ɗaya ta yi fashi. Na san ki, in kika ce za a yi to an yi.

Amarya kuwa, ki bari in gama karatu tukuna, yanzu ko kuɗin goro ba ni da shi.

Jikanki,
Suhaib


Unguwar Dosa
21 ga Disamba, 2021

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Saƙon ta'aziyyarka ya iso ta hannun Kaltume, na gode, Allah Ya ba da lada. Yau wata biyu ke nan da rasuwar Malam. Bai sha wuya ba. Ya yi sallar la'asar a zaune, ya ce in miƙo masa ruwa, kafin in dawo daga randa ya cika. Shekara arba'in da huɗu muna tare. Har yanzu in na dama koko sai in zuba kofi biyu, sai na ajiye ludayi nake tunawa.

Ina cikin takaba, sai ƙarshen Fabrairu zan fita. Ƙafar nan da ba ta taɓa wuni a gida ba, ga ta a ɗaki. Ka san matar malami ido a kanta yake, ko ƙofar zaure ban leƙa ba. Allah Ya yi wa Jummai albarka, ƙanwata ta Mando da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ta baro gidanta ta dawo nan, ita ke wakiltata duk inda ya kamata in je, suna ne, gaisuwar mutuwa ce, har asibitinku.

Kada ka damu da aikinka. Daga kan tabarmar nan nake aika wa kowace mace tuni ranar da aka sa mata, masu zuwa yi mini gaisuwa ma ba su tsira ba, suna gama addu'a nake tambayarsu kati. Na wata shida namu ya cika ranar Alhamis, babu lambar da ta yi fashi, har da tawa.

Ka sa Malam a addu'a. Yana sonka, yakan ce yaron nan na Kaltume ba ya ƙarya ko da wasa.

Kakarka,
Harira


Ibadan
29 ga Janairu, 2022

Kaka,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarki a tsaye a ɗakin gwaji, da na zo wurin kofi biyun nan sai na kasa ci gaba sosai, na bi sauran sama-sama na ninke ta na sa a aljihu. Abin da ya tsaya mini shi ne kina cikin wannan hali amma lambarki ba ta yi fashi ba. Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Yanzu ga albishir, ko zai ɗan sanyaya miki rai. Kaka, jininki ya tayar mana da ɗakin gwaji! Na wata ɗaya da na wata uku sun bi hanyar kowa, suna sauka. Na wata shida kuwa sai ya yi tsalle ya ninka na farkon har sau tara. Na zaci injin ne, na sake aunawa sau uku, haka ya fito. Na ce to ko cutar ce ta kama ki ba ki sani ba, tunda ta yi yawo a Disamba. Na duba alamar da cutar kanta take bari a jini, babu ita. Ba ki kamu ba, ba a ƙara miki allura ba, amma sojojinki sun ƙaru a shekara sittin da uku. Akwai wasu mata uku ma da nasu ya tashi haka, amma naki ya fi.

Farfesa ba ta cika murna ba, amma ranar sai da ta buga tebur. Ta ce ba ta taɓa karanta irinsa ba. Ta aika da sunana wani babban taron masana da za a yi a watan Mayu, in tsaya in yi bayani, kuma a kan wannan za a gina babin ƙarshe na kundin digirina. Na manna layinki a bango saitin kujerata, duk wanda ya shigo sai na nuna masa na ce kakata ce.

Me kike ci ne, Kaka? Da gaske nake tambaya, ki rubuto mini har kunun da kike sha.

Jikanki mai alfahari da ke,
Suhaib


Unguwar Dosa
10 ga Fabrairu, 2022

Suhaibu,

Amin, na gode. Lafiya lau muke, saura mini kwana goma sha biyar.

Ikon Allah! Na yi murna ƙwarai, rabona da dariya tun Malam yana nan. Na karanta wa Jummai wasiƙar sau biyu, yanzu ba a iya zama da ita, tafiya take tana buɗa hannu wai ita mai sojoji.

Ai yabon nata ne, ni ba zan ci haƙƙinta ba. Na faɗa maka ita ta wakilce ni. Na ba ta katina ta je ta bi layi da hijabinta da takunkuminta kamar kowa, nas ta duba lamba ta ɗiba. Ka ce kada lamba ta yi fashi, ni kuma babu halin fita, to wa zan tura in ba wadda muka sha nono ɗaya ba? Ita ma ta yi rigakafin, kada ka ji komai. 'Yar Amurka aka yi mata a Mando, ta biyun a watan Nuwamba.

Abin da take ci kuwa, tuwon dawa ne da miyar kuka kamar kowa, sai ɗan banzan yaji. Ta ce in taron ya tashi ka ambaci sunanta da kyau, Jummai Mai Ƙuli, kada a haɗa ta da wata Jummai.

Kakarka,
Harira


Ibadan
19 ga Fabrairu, 2022

Kaka,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki gafarce ni, ko gaisuwar kirki na kasa.

Na ɗauko wasiƙarki ta Disamba na sake karantawa, ga shi nan kin rubuta ƙuru-ƙuru, har asibitinku. Ni ne ban tsaya na karanta da hankali ba. Kaka, jini ba a wakilci a cikinsa. Ko uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sojojinsa. Kaka Jummai wata ɗaya kacal da yin allurarta, kuma wata iri ce daban da taki, dole nata su yi yawa. Babu wani abin mamaki da na gano. Na auna jinin mutum biyu ne na zana su a layi ɗaya.

Kwana uku ke nan abinci ba ya shiga. An riga an buga sunana a takardar taro. Farfesa ta gaya wa manyanta. In na je na ce mata ga abin da ya faru, ba layinki kaɗai za ta zarga ba, za ta ce duk arba'in da takwas ɗin ba ta yarda da su ba, kuma tana da gaskiya. Tana iya cewa in koma farko, ni kuwa ba ni da wata shekara ukun.

Zan roƙe ki abu ɗaya, ina jin kunyar rubuta shi. Babu wanda ya sani sai ni da ke da Kaka Jummai. Ku yi shiru tukuna. Ki bari taron ya wuce in kare kundina, daga baya sai in san yadda zan gyara a hankali. Ba cutar da kowa za a yi ba.

Suhaib


Unguwar Dosa
24 ga Maris, 2022

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, na fita takaba, an yi addu'a an watse. Motar da ta wuce ban ba ta komai ba da gangan, don da na rubuta a lokacin da ba ka ji daɗi ba.

Kwana biyu na yi ina fushi da kai. Na ce ji ɗan nema, ni da na yi don kada in ba shi kunya, shi ne zai ce na ɓata masa aiki. A nan garin in ba ka iya zuwa ba ka tura naka, an karɓa, an gode. Haka muka tashi. Da fushin ya sauka sai kunya ta rufe ni, don na gane jabu na kai maka da hannuna.

Amma shirun da ka roƙa, a'a. Shekara talatin ina shiga ɗakunan mata da ƙullin kaya a kai, ban taɓa miƙa wa wata atamfar roba na ce mata 'yar Holan ce ba. Shi ya sa da na ce su miƙa hannu suka miƙa. Ba takardarka suka duba ba, fuskata suka duba. Yanzu ka hau gaban manya ka ce jinin matan Kaduna yana yin abin da ba ya yi? In wani likita ya ji ya ce to tsofaffin nan ba sa buƙatar ƙarin allura fa? Ka ce ba za a cuci kowa ba. Kai ka sani?

Sai kuma na tuna ka ce akwai wasu uku da nasu ya tashi. Nan na zargi kaina, don ni na riƙa aika musu cewa kada lamba ta yi fashi ko ana ha-maza-ha-mata.

Washegarin fitata na ɗauki lema na fara bi gida-gida. Ban tambayi kowa ko ta tura wata ba, wa zai amsa maka wannan? In na shiga aka gama yi mini gaisuwa, sai in ce ku ji wautar da na tafka, in ba da labarin Jummai da sojojinta, a yi ta dariya. Mai irin laifin ba ta iya riƙewa, sai ka ji ta ce, “Lah, Harira, ai ni ma!” Kwana goma sha tara na yi ina wannan, a zafin nan, gida arba'in da bakwai. Gwiwar har yanzu a kumbure take.

Mu bakwai ne har da ni. Ɗaya tana jinyar uwarta a Zariya, ɗaya maigidanta ya yi tafiya bai bar mata izinin fita ba, biyu biki ya kai su Kano, ɗaya zazzaɓi. Halima ta Abakpa kuwa tun na wata uku 'yarta ke zuwa, wai ita jiri take gani in ta ga allura. Na nemi duk waɗanda aka tura, na duba katin rigakafinsu da idona, na rubuta wace allura aka yi musu da ranar. Biyu ma ba su taɓa yi ba. Sauran arba'in da ɗaya kuwa na tsaya musu, su da kansu suka je kowane karo. Duk suna cikin takardar da na haɗo da wannan, da lambobinsu. Na yi musu alkawari sunansu ba zai fita ba.

Ba zan kai ƙararka wurin kowa ba. Takardar tana hannunka, kai ka san abin da za ka yi da ita.

Kakarka,
Harira


Unguwar Dosa
20 ga Mayu, 2022

Suhaibu,

Barka da shan ruwa, barka da sallah, tunda kai ba ka ce mini ba. Mota ta zo sau biyu babu takardarka. Kaltume ta ce kana lafiya, to alhamdu lillahi. In fushi kake yi ka yi, ni dai ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ina kwana da kai a raina, ba na jin daɗin shirun nan.

Na shekara yana zuwa wata mai kamawa. Zan zauna a bakin ƙofar asibitin da kaina, kowace ta sauke takunkumi in ga fuskarta kafin ta shiga.

Harira


Ibadan
16 ga Yuli, 2022

Kaka Harira,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwar ta sace. Ki yafe mini shirun. Ba fushi ba ne, kunya ce, ban so in rubuto miki ba sai ina da abin da zan iya kallon idonki da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, takardarki ta yi kwana goma sha ɗaya a cikin jakata. Kullum in shiga da ita ofis in fito da ita. Ranar ta sha biyu na ajiye ta a gaban Farfesa na faɗa mata komai, har roƙon da na yi miki na ki yi shiru.

Ta yi faɗa, Kaka. Ban taɓa jin muryarta haka ba, har na ofishin kusa suka leƙo. Ta janye sunana daga taron a gabana. Ta ce babin ƙarshe ya mutu, kuma ba zan kare kundina bana ba, sai baɗi. Na ce na ji. Sannan ta ɗauki takardarki ta bi ta layi-layi da biro, tana gwadawa da abin da injin ya nuna. Mata ukun nan da nasu ya tashi duk suna ciki. Biyun da nasu ya faɗi warwas, waɗanda na kasa ganewa, su ne aka tura musu marasa allura. Ko ɗaya ba ki kuskure ba. Da ta gama sai ta ce, “Da ba don takardar nan ba, da yau na zubar da jinin nan gaba ɗaya. Wace jami'a matar nan ta yi?” Na ce mata dillaliya ce. Ta ce to ta fi mu iya bincike, mu duka biyun.

Aikin ya tsira da mata arba'in da ɗaya cif, ku bakwai kuma an cire watannin da ba naku ba. Na yi asarar shekara guda, kuma ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Amma da kin bi maganata, da yanzu ina yawo da digirin da nake tsoron a buɗe. Ni na yi karatun, ke kika san abin da karatun yake nufi. Ban san wanda nake girmamawa a duniyar nan kamarki ba.

Na shekara ya iso, na gama aunawa jiya. Masu 'yar Amurka sun sauko da yawa amma har yanzu suna ɗan sama, sauran kuma ƙasa da su. Naki, wanda aka ɗiba daga hannunki, ya sauka sosai, yana cikin na ƙasa-ƙasa. Don Allah ki je a yi miki allurar ƙari cikin satin nan, kada ki ce sai kin huta.

Na zana layin naki da safen nan. Babu abin mamaki a cikinsa ko kaɗan, ya gangara ne kawai kamar na kowace tsohuwa, da giɓi a wata shida. Babu wanda zai gayyace ni taro a kansa. Amma in an tashe ni a gaban kowa zan rantse a kansa, kuma ke kika ba ni wannan.

Jikanki,
Suhaib